Tarihin Bizar Bakin Ƙofa

Masu iya magana na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma a zamanin nan mabuɗin kansa sai da izini. Wannan izini shi ake kira biza, wato hatimin da ƙasa ke bugawa a fasfon baƙo. Biza iri biyu ce: akwai wadda mutum zai nema a ofishin jakadanci tun yana gida, akwai kuma wadda ake ba shi bayan ya sauka. Mutane da dama na ɗauka ta biyun nan sabuwar aba ce ta 'yan yawon buɗe ido. Tarihi kuwa ya nuna ita ce ta fi kusa da tsohuwar al'ada.

Mu ɗauki fataken goro na ƙarni na 19. Ayari kan tashi daga Kano, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, har ya isa Salaga ta ƙasar Gwanja, ba mai riƙe da takarda. In an zo bakin kogi a biya kuɗin fito. In an zo gari madugu ya kai wa sarki gaisuwa, a sauke su a zango, fatoma kuma ya tsaya musu. Ashe a bakin ƙofa ake duba baƙo, a karɓi kuɗinsa, a ba shi izini.

A Turai ma, kafin 1914, mutum kan shiga jirgin ƙasa ya ratsa ƙasashe da yawa ba a nemi fasfonsa ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kawo tsoron 'yan leƙen asiri, gwamnatoci suka tsananta. Da yaƙi ya ƙare ba a sassauta ba, sai ma tsohuwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro a Faris a 1920, aka tsayar da fasalin fasfo ya zama ɗan littafi mai hoto. A 1924 kuma Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa mai son ƙaura zuwa can ya sami biza daga ofishin jakadancinta kafin ya hau jirgin ruwa. Da haka aka ɗauke ƙofa daga bakin iyaka aka kai ta garin matafiyi, ana iya kore shi tun bai ɗaura kaya ba.

Ƙasashen Afirka sun gaji wannan tsari tare da iyakokin da Turawa suka shata. Yunƙurin sassautawa a yankinmu ya zo a 1979, sa'ad da shugabannin ECOWAS suka sa hannu a Dakar cewa ɗan wata ƙasa daga cikinsu na iya shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza. Sauran Afirka kuwa sai daga baya. Ruwanda ta fara ba dukkan 'yan Afirka biza a bakin ƙofa a 2013, ta buɗe wa duniya baki ɗaya a 2018. Gana ta yi wa 'yan Afirka haka a 2016, Nijeriya ta bi sahu a 2020. Dalilinsu a fili yake: ɗan yawon buɗe ido kuɗi yake kawowa, kuma in aka wahalar da shi sai ya nufi wata ƙasa.

To, amma tafiyar ba ta miƙe sak ba. A 2024 Kenya ta ce sai baƙo ya nemi izini ta intanet kafin ya taso, a 2025 kuma Nijeriya ta maye gurbin bizar bakin ƙofa da ta intanet. Ƙofar ta sake komawa gidan matafiyi, sai dai yanzu a cikin wayarsa take.

Darasin da ke nan, ya kai mai karatu, shi ne bizar bakin ƙofa alfarma ce, ba haƙƙi ba. Ƙasa kan zaɓi waɗanda za ta yi wa, gwargwadon yardarta da fasfonsu, tana kuma iya janyewa a kowane lokaci. Saboda haka mai niyyar tafiya ya binciki dokar ƙasar da zai nufa kafin ya yanki tikiti, domin kamfanin jirgi kansa ba zai ɗauki wanda za a koro ba. Da can madugu ke yi wa ayari wannan bincike, yau kowa madugun kansa ne.