Daga Shanya Zuwa Firij: Tarihin Tanadin Kayan Miya a Ƙasar Hausa

Miyar kuka tana cikin miyar da ta fi saurin haɗuwa a gidan Bahaushe. Da zarar ruwan nama ya tafasa da daddawa da barkono, sai a ɗauko maburgi a kaɗa garin kuka, cikin 'yan mintoci an sauke tukunya. Asirin wannan sauri shi ne cewa an gama yawancin aikin miyar watanni kafin a hura wuta. Da damina aka tsinko ganyen, aka shanya shi, aka daka, aka tankaɗe, aka adana. Daddawar ma kwanaki aka ɗauka ana haɗa ta, barkonon kuwa tun kaka ya bushe.

A 'yan shekarun nan shawarar da masana abinci suke yawan ba ma'aikata ita ce su ware rana guda a ƙarshen mako su wanke kayan lambu, su yanka, su zuba a robobi su sa a firij, domin girkin sauran ranaku ya zo da sauƙi, kuma ganye ya yawaita a kwano. Shawara ce mai kyau, sai dai ana kawo ta kamar wata baƙuwar dabara daga Turai. Tarihi ya nuna cewa a kan tanadin kayan miya aka gina girkin Hausawa tun asali. Abin da ya sauya a cikin shekaru hamsin da suka wuce shi ne hannun da yake yin aikin, da wurin da ake yin sa.

Yanayin da ya tilasta tanadi

A ƙasar Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram ruwan sama yana sauka ne wata huɗu zuwa biyar a shekara. A cikin waɗannan watanni ganye yana cika ko'ina: rama, yakuwa, lalo, tafasa, alayyafo, karkashi, zogale. Daga Oktoba ciyawa ta fara bushewa, kuma kafin zamanin madatsun ruwa ba a samun ɗanyen ganye da rani sai a fadama, inda masu lambu suke jan ruwa da jigo, guga bayan guga. Abin da jigo yake iya shayarwa bai kai ya ciyar da gari ba.

Amma yanayin da ya hana ganye da rani shi ne kuma ya ba da hanyar ajiye shi. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, laimar da ke cikinta takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Ƙwayoyin da suke ruɓar da abinci ba sa rayuwa sai da ruwa, saboda haka ganyen da aka raba shi da ruwansa yana iya kaiwa wata damina. Matan ƙasar Hausa sun gane wannan ta hanyar gwaji, tsara bayan tsara, suka kuma ware wa kowane tsiro irin tasa sarrafawar. Kuɓewa a yanka ta ƙanana a shanya, sai ranar buƙata a daka. Ganyen albasa a kirɓa shi a dunƙule a busar, ya zama gabu. Rama da zogale a ajiye su busassu, ranar kwaɗo a tafasa su a haɗa da ƙuliƙuli.

A shekarun fari wannan tanadi yakan wuce batun ɗanɗano. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda aka yi wa laƙabi da Kakalaba, da kuma farin farkon shekarun 1970, ganyen tafasa da yaɗiya da rama suna cikin abin da gidaje da dama suka riƙa cika ciki da shi lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu.

Abin da baƙi suka gani

Rubuce-rubucen matafiya sun tabbatar da daɗewar wannan al'ada a faɗin yankin. Bafaranshe masanin tsirrai Michel Adanson, wanda ya sauka Senegal a 1749, ya bayyana yadda mutanen can suke busar da ganyen kuka su mayar da shi gari su riƙa zubawa a abinci. Da sunansa aka raɗa wa bishiyar sunan kimiyya, Adansonia. A gabas kuwa, birnin Kukawa da Shehu Muhammadu al-Kanemi ya kafa a Borno a 1814 daga wannan bishiya ya samo sunansa. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 yana amfani da sunan Abdulkarim, ya ambaci miyar ganyen kuka da kuma dunƙulen daddawa a cikin labarin tafiyarsa. Alhazan ƙasa da suka bi ta Sudan sun tarar da mutanen can suna kaɗa miya da garin busasshiyar kuɓewa, wanda suke kira weka, abincin da bai zama baƙo ga Bahaushe ba.

Daddawa ita ce ta fi nuna zurfin wannan ilimi. Ana dafa kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, sa'o'i masu yawa har ɓawon ya saki, a surfa a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. A cikin waɗannan kwanaki wasu ƙwayoyin bakteriya, musamman nau'in da ake kira Bacillus subtilis, suna farfasa sinadarin furotin na kalwar, daga nan ƙamshi da ɗanɗanon suke fitowa. Bayan haka a daka, a dunƙule, a shanya. Irin da ba ya ciwuwa saboda tauri ya zama kayan miya mai gina jiki da yake jure watanni. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci, sai a yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa.

Duk wannan aiki a hannun mata yake, kuma sana'a ce. Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta nuna girman cinikin da mata suke yi daga cikin gida ta hannun yara 'yan talla. Kuka da kuɓewa da daddawa suna cikin hajar irin wannan ciniki, kuma mai saye ya san gidan da kayan suka fito.

Tumatur da madatsun ruwa

Jar miya, wadda a yau ake yi wa kallon uwar miyar birni, baƙuwa ce. Tumatur da barkono da tattasai da attaruhu duk 'yan asalin nahiyar Amurka ne, ba su tsallako zuwa sauran duniya ba sai bayan 1492. Barkono ya samu gindin zama da wuri saboda yana bushewa ba wahala. Tumatur kuwa fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, kuma cikin 'yan kwanaki yake lalacewa. Duk da haka tsohuwar dabarar ce ta karɓe shi: aka riƙa tsaga shi ana shanyawa, aka ba shi sunan da ake kiran busasshen goro da shi, kauɗa.

Babban juyi ya zo da noman rani na zamani. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ta shayar da filayen Kadawa da Kura da Bunkure. Daga shekarun 1980 injin ban ruwa mai amfani da fetur ya kori jigo daga fadamu. Rani, wanda a da shi ne lokacin rashin ɗanyen kayan miya, ya koma lokacin da tumatur ya fi arha, har manoma su rasa masu saye. Da damina kuwa sai ya yi tsada, domin zafi da laima ba sa yi masa daɗi. Wannan ne ya sa kauɗa ba ta mutu ba: manomin da kasuwa ta juya wa baya sai ya baza abin da ya rage a ƙasa ko a gefen titi ya bushe.

A daidai wannan zamani dunƙulen Maggi, wanda kamfanin Julius Maggi na Suwizalan ya fara fitarwa a 1908, ya zama ruwan dare a kasuwannin Najeriya da Nijar. Tumatur na gwangwani da injin markaɗe suka biyo baya. Kowannensu ya rage wa mata wahala ta gaske, domin duk wanda ya ga yadda ake surfen kalwa ba zai raina saukin dunƙule ba. Amma kusan rabin nauyin irin wannan dunƙule gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, ya kuma ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. A gidajen ma'aikata da yawa lissafin ya juye: ganye ya ragu, gishiri da mai suka ƙaru.

Shekarar 2016 ta tuna wa mutane hatsarin dogaro da ɗanyen tumatur kaɗai. A shekarar da aka buɗe masana'antar tumatur ta Dangote a Kadawa, tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka sa wa suna sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur. Farashi ya ninka sau da yawa. Gidajen da suka daɗe da raina kauɗa da busasshiyar kuɓewa suka koma neman su a kasuwa.

Tukunya cikin tukunya

Firij ya shigo birane da alkawarin kawo ƙarshen duk wannan, amma wutar da zai yi aiki da ita ba ta taɓa tsayawa ba, yawancin ƙauyuka kuwa ba ta kai gare su ba. Wani malamin kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, Muhammad Bah Abba, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, ya nemi mafita a cikin ilimin randa. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar sanya ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yake tsatstsafowa ta jikin tukunyar waje yana bin iska, yana tafiya da zafin ciki. A gwajin da ya yi, yalon da yake lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27, alayyafon kwana guda ya kai kwana 12. Ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Hujjar da ya fi jaddadawa ta shafi 'yan mata: idan kayan lambu ba sa ruɓewa cikin kwana ɗaya, babu dalilin hana yarinya makaranta don ta yi tallar su kullum. Dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska, wato ta dogara ga yanayin da shanya ta dogara gare shi.

Abin da ya rage a hannun mai girki

Tsohuwar hanya tana da nata naƙasu, kuma binciken abinci ya fayyace su. Shanya ba ta taɓa sinadaran kalsiyam da ƙarfe, waɗanda kuka da zogale suke da su da yawa, amma tana lalata yawancin bitamin C, kuma rana mai ƙuna tana cinye sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A. Shi ya sa ganyen da ya bushe a inuwa, inda iska take ratsawa, yake riƙe launinsa da amfaninsa fiye da wanda aka baza a tsakar rana. Tsoma ganye a tafasasshen ruwa na minti biyu ko uku kafin a shanya ko a daskarar yana tsayar da sinadaran da suke dusashe shi. Kanwa tana sa ganye laushi da yauƙi, amma yawanta yana kashe bitamin C da B1. Kayan da aka ɗaure kafin su bushe sarai kuwa suna yin fumfuna.

Babbar asarar ita ce ta sanin asali. Lokacin da shanya take tsakar gida, a kan tabarma ko faifai, uwar gida tana ganin abin da ya faɗa cikin kayanta. Yau yawancin kauɗar da ake aunawa a kasuwa a ƙasa ta bushe, cikin ƙura da hayaƙin mota da sawun dabbobi, kuma mai saye ba shi da hanyar sani. Ma'aikaciyar da ta sayi kwandon tumatur a Fabrairu lokacin arha, ta markaɗa ta dafe shi har ruwan ya ƙone, ko ta tsaga ta shanya a kan raga a rufe, ta dawo da wannan sani gidanta. Haka wanda ya tsinke zogale ranar Asabar, ya busar da rabi a inuwa, ya sa rabi a firij. Idan wuta ta ɗauke kwana uku, rabin da ya bushe yana nan, kuma miyar ranar Laraba ba za ta wuce minti ashirin ba.