Waiwaye Adon Tafiya: Jaridunmu da Labarin Mamatanmu

Muna miƙa gaisuwa ta musamman ga 'yan uwa 'ya'yan wannan gari namu mazauna birane, waɗanda neman ilimi da neman halaliya suka nisanta da gida. A bana mun ga ya dace mu waiwayi wani al'amari da ya fi shafar ku, wato hanyar da labarin rasuwar mutanenmu yake isa kunnen na nesa. Wanda yake gida da idonsa yake gani, amma wanda yake Legas ko Fatakwal ko Abuja, abin da aka rubuta shi ne idonsa. Saboda haka akwai buƙatar mu san yadda magabata suka riƙe wannan amana, da yadda jaridu suka karɓe ta, da kuma inda aka kwana a yau.

Kafin zuwan jarida, Bahaushe yana da tsarinsa na isar da labarin mutuwa. Ba a aika yaro ko mai gaggawar baki. Dattijo ake zaɓa, shi ma idan ya isa sai ya fara da cewa jiki ya yi tsanani, ana nemanka a gida, har sai ya ga zuciya ta natsu kafin ya faɗi sauran. Harshenmu kansa ya nuna wannan ladabi, domin mukan ce wane ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko Allah Ya yi masa cikawa. A fagen rubutu kuwa akwai marsiyya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa ɗan uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta kuma yi wa mata 'yan uwanta da ƙawayenta waɗanda ba su riƙe wata sarauta ba. Ashe tun a wancan zamani alƙalami bai ware wa manya kaɗai hawaye ba.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. A cikin wannan shekara yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, aka kwashi 'ya'yan Arewa zuwa Habasha, daga baya kuma zuwa Bama. Iyaye da matan sojoji suka koma jiran mai karatu ya warware musu abin da takarda ta ƙunsa. Daga nan labarin mutuwa ya fara fita daga hannun dattijon da ya san gidan, ya koma hannun marubucin da bai taɓa ganin ƙofar gidan ba. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta fito da jaridun larduna, irin su Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya da Zumunta a Bauci. Waɗannan sun fi kusa da jama'a, domin mai rubutu da wanda ake rubutawa a kansa kasuwa ɗaya suke ci, kuma wanda ya san zai haɗu da ɗan mamaci a masallaci yakan auna kalmarsa. Ba su yi tsawon rai ba. New Nigerian ta biyo baya a ranar 1 ga Janairu 1966 a Kaduna, sannan a farkon shekarun 1980 kamfanin Triumph na Kano ya zo da Albishir da kuma Alfijir ta ajami.

Idan muka dubi manyan musibun da suka auka wa Arewa a wannan tsakani, za mu ga darussa uku. Na farko shi ne bambanci tsakanin suna da adadi. A ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai ya yi haɗari wajen sauka a filin jirgin sama na Kano, mutum 176 suka rasu. A ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta, duk mutum 261 da ke ciki suka cika. A irin wannan rana abin da iyali suke nema shi ne jerin sunaye, domin adadi ba ya gaya wa mace ko za ta shiga takaba. Haka kuma a ranar 4 ga Mayu 2002, jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidajen jama'a a unguwar Gwammaja ta Kano, aka rasa rayuka fiye da ɗari. Ƙasa duka ta ji sunan ministan wasanni, Ishaya Mark Aku, wanda yake cikin jirgin, kuma ya cancanci a ambace shi. To amma mutanen da mutuwa ta iske a cikin ɗakunansu, wa yake iya kawo sunan ko da mutum ɗaya daga cikinsu in ba danginsa ba?

Darasi na biyu shi ne cewa shiru ma yana iya zama zalunci. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. A cikin wannan annoba kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya haɗa da yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Sai a Disamba 2000 jaridar Washington Post ta Amurka ta baza maganar a duniya, aka shiga shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Mu kwatanta wannan da abin da ya faru a Afrilu 2020, lokacin da mace-mace suka yawaita a Kano. 'Yan jaridar gida suka tafi maƙabartu, suka tambayi masu haƙar kabari yawan gawar da suke binnewa. Bayan bincike, ministan lafiya ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙidaya mutum 979, kuma rabi ko fiye ana danganta rasuwarsu da cutar korona. Wannan shi ne aikin jarida na gari: ta tsaya wa talakan da ba shi da bakin magana.

Darasi na uku shi ne nauyin kalma a lokacin rikici. Magana zarar bunu ce. A farkon Mayu 2004 aka yi mummunan kisa a Yelwan Shandam ta Jihar Filato, kuma ba a cika kwana goma sha biyu ba aka yi ramuwar gayya a Kano a kan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Duk wanda ya riƙe alƙalami a irin wannan lokaci, ya sani cewa yadda ya jera gawawwaki bisa ƙabila ko addini yana iya haifar da wasu gawawwakin a wani gari. Dokokin ɗa'ar aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun yi magana a kan gaskiya da adalci, da kare sirrin mutane, da guje wa hotuna masu tayar da hankali, da kiyaye mutuncin yara. Dokar tana nan a rubuce, aiki da ita ne ya yi ƙaranci.

Mu ma a nan gida mun ɗanɗana. Dattawa za su tuna shekarar da motar 'yan kasuwarmu ta kife a hanyar dawowa daga cin kasuwa. Wata jarida ta ba da labarin a layi biyar, ta kira su 'yan ƙauye, ta rubuta sunan garinmu ba daidai ba, sannan ta buga hoton gawawwakin a gefen titi ba tare da ko mayafi ba. Wani tsohon ɗalibinmu da yake karatu a birni ya gane mahaifinsa ta rigar da ke jikinsa, alhali ɗan aiken da muka tura yana kan hanya. Mun rubuta wa editan takarda, ba mu ga gyara ba, ba mu ga ban haƙuri ba. Yaron nan ya girma, ya yi iyali, amma har yau ba ya son a tayar da zancen.

A yau kowane mai waya ya zama edita. Kafin a yi wa mamaci wanka hotonsa ya zaga WhatsApp da Facebook, uwa tana jin rasuwar ɗanta daga bakin wanda bai san sunanta ba. Laifin da muka daɗe muna ɗora wa jaridu ya dawo tafin hannunmu.

Kafin mu nuna wa wani yatsa, mu dubi wannan mujalla tamu. Shekara da shekaru shafin ta'aziyyarmu yana ba mai sarauta da babban ma'aikaci shafi guda da hoto, amma ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin masu karanta wannan rubutu ta tafi ba a ambace ta ba. Haka ladan, da maƙeri, da malamin allo, da jariran da iyayensu kaɗai suka yi kukansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka muna ba kwamitin mujalla shawara kamar haka. A buɗe littafin rasuwa a hannun sakataren ƙungiya, masu unguwanni da limamai su riƙa kawo sunan duk wanda ya rasu, namiji ko mace, babba ko yaro. A jera sunayen bisa ranar rasuwa, kowa da unguwarsa da sana'arsa. Kada a buga hoto ko sanadin mutuwa sai da yardar iyali. Idan an yi kuskure a gyara shi a fitowa ta gaba, a kuma je gida a ba da haƙuri. Ku kuma 'yan uwa na birni, idan labari ya iso wayarku, ku dakata har ku tabbata an sanar da iyalan mamaci. 'Ya'yanmu da ke aikin jarida, ku riƙa tambayar kanku kafin ku miƙa labari: da mahaifina ne, haka zan so a rubuta?

Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya ba iyalansu haƙuri, mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.