Akpata: Alƙalin da Aka Kira Daga Hutu

Mu da aka haifa a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 muna yara aka yi zaɓen 1999. Idan aka tambaye mu wa ya ci, nan take za mu ce Obasanjo a Abuja, Yariman Bakura a Gusau. Amma idan aka ce wa ya jagoranci hukumar da ta ƙirga ƙuri'un, da yawanmu sai mu yi zuru. Sunansa Mai Shari'a Ephraim Akpata. A ƙarƙashinsa ne Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoban 1996, ta fara zaɓen gwamna da hannunta.

An haifi Akpata a 1927 a yankin da yake Jihar Edo a yau. Ya yi karatu a King's College da ke Legas, ya karanta shari'a, ya shiga aikin alƙalanci, ya riƙa hawa mataki-mataki har Kotun Ƙoli. Da ya cika shekara 65 ya yi ritaya. Ga al'ada, daga nan sai hutu da jikoki. Sai ga shekarar 1998 ta zo da abin da ba wanda ya zata.

Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni, a daidai lokacin da jam'iyyu biyar ɗin da hukumar zaɓensa ta yi wa rajista suka tsayar da shi ɗan takararsu su duka. Wata guda bayan haka, ranar 7 ga Yuli, Moshood Abiola ya rasu a tsare. Janar Abdulsalami Abubakar ya rushe hukumar da jam'iyyun, ya yi alkawarin miƙa mulki ranar 29 ga Mayun 1999. A watan Agusta ya kafa INEC, ya kira Akpata mai shekara 71 ya damƙa masa.

Kujerar ba ta da daɗin tarihi. Alƙalin da ya riga shi zama a kanta, Mai Shari'a Victor Ovie-Whiskey, shi ya jagoranci FEDECO a zaɓen 1983, zaɓen da ƙorafin maguɗi ya dabaibaye har sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari ranar 31 ga Disamba. Farfesa Humphrey Nwosu kuwa ya shirya zaɓen 12 ga Yunin 1993, aka soke shi yana ji yana gani. Jama'a sun gaji da alkawarin soja. Abin da Abdulsalami yake nema shi ne fuskar da za a yarda da ita, mutumin da ya gama cin duniyarsa, ba ya neman ƙarin girma a wurin kowa.

Lokacin da aka ba shi bai kai wata goma ba. A Oktoban 1998 aka yi rajistar masu zaɓe, aka samu sunaye kusan miliyan 58. Daga nan zaɓuɓɓuka huɗu suka biyo juna: na ƙananan hukumomi ranar 5 ga Disamba, na gwamnoni da majalisun jihohi ranar 9 ga Janairun 1999, na majalisar tarayya ranar 20 ga Fabrairu, na shugaban ƙasa ranar 27 ga Fabrairu. An yi su duka ba tare da kundin tsarin mulki a hannu ba, domin sai a watan Mayu sojoji suka fitar da shi. Mutane sun nemi kujerun da ba su ga iyakar ikonsu a rubuce ba.

Inda alƙalancinsa ya fito fili shi ne wajen jam'iyyu. Ƙungiyoyi da dama sun nemi rajista, hukumar ta ba tara ta wucin gadi, ta mayar da zaɓen ƙananan hukumomi jarrabawa: duk mai son ɗorewa sai ta samu kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u a jihohi 24. PDP da APP suka haye. AD, wadda ƙarfinta yake ƙasar Yarabawa, ba ta cika sharaɗin ba, amma aka ba ta a matsayin ta uku. An yi haka ne don kada yankin da har lokacin yake jin zafin 12 ga Yuni ya juya wa shirin baya. Jam'iyyar MDJ ta M.D. Yusufu da PRP ta Balarabe Musa suka faɗi. A nan an ga doka ta ɗan sunkuya wa siyasa, kuma waɗanda aka bari a waje ba su manta ba. A Nuwamban 2002 Kotun Ƙoli ta ba su Balarabe Musa gaskiya a kan sharuɗɗan rajistar da hukumar ta gindaya daga baya, ƙofa ta buɗe.

A zaɓen gwamnoni PDP ta ɗauki jihohi 21, APP 9, AD 6. Ganin haka sai APP da AD suka ƙulla ƙawance don zaɓen shugaban ƙasa. Akpata ya tsaya kan cewa dokar ba ta san ɗan takara ɗaya da tutar jam'iyyu biyu ba. Dole Olu Falae na AD ya tsaya da alamar APP, ya ɗauki namu, Alhaji Umaru Shinkafi, a matsayin mataimaki. Obasanjo ya samu ƙuri'u kimanin miliyan 18.7, Falae miliyan 11.1. Zamfara tana cikin jihohin da suka bi Falae da Shinkafi.

To, amma ƙuri'un nan, an jefa su duka kuwa? Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ya zo sa ido, ya rubuta wa Akpata cewa akwai tazara mai faɗi tsakanin yawan mutanen da suka gani a rumfuna da alƙaluman da aka bayyana daga wasu jihohi, har ba za su iya yanke hukunci a kan sakamakon ba. Falae ya kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara, bai yi nasara ba. Ranar 29 ga Mayu aka rantsar da Obasanjo kamar yadda aka alkawarta.

A nan ne iyakar alƙali take. A kotu, ana kawo masa shaidu gabansa, ya ji ta bakin kowane ɓangare, ya ɗage zama idan bai gamsu ba. A hukumar zaɓe kuwa takarda ce take zuwa masa. Ƙuri'ar da dattijo ya jefa a Ruwan Bore, malamin zaɓe zai ƙirga ta a rumfa, ya rubuta, a kai cibiyar mazaɓa, a haɗa da na Mada da Wonaka da Magami a ƙaramar hukumar Gusau, a haɗa da na Tsafe da Bungudu a matakin jiha, sannan ta isa Abuja a matsayin lamba. Kowane mataki hannu ne, kowane hannu yana iya ƙara sifiri. Mu masu aikin manhaja mun san wannan: na'ura komai kyawunta, abin da aka zuba mata shi take fitarwa. Gaskiyar mutum ɗaya a saman tsani ba ta gyara lambar da aka lalata tun daga ƙasa.

Akpata bai samu damar gyara abin da ya gani ba. Ya rasu ranar 8 ga Janairun 2000 yana kan kujerar, Dakta Abel Guobadia ya gaje shi. Daga nan shugabancin ya koma hannun masanan jami'a: Maurice Iwu, Attahiru Jega, Mahmood Yakubu. Alƙalin da ya sake taɓa lamarin da gaske shi ne Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ɗan Zariya, wanda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba kwamitin gyaran zaɓe a 2007. Rahotonsa na 2008 ya ba da shawarar a cire zaɓo shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a shigar da majalisar alƙalai ta ƙasa cikin tantancewa. Ba a ɗauki shawarar ba.

Mu Zamfarawa mun ɗanɗani ɗaya fuskar wannan al'amari. Ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta tanada ba, don haka ƙuri'unta fiye da 500,000 sun tashi a banza. Bello Matawalle, da ƙuri'u ƙasa da 200,000, ya zama gwamna. Dokar jam'iyya da takarda, irin wadda Akpata ya riƙe a kan Falae, ita ta yanke mana shugabanci.

Akpata ya cika alkawarin rana, ya fitar da sojoji daga gidan gwamnati a kan lokaci, kuma mulkin farar hular da ya buɗe wa ƙofa ya haura shekara 25 bai katse ba, abin da ba a taɓa samu ba tun 1960. Abin da ya bar mana shi ne tsanin nan daga rumfa zuwa Abuja. An kawo na'urar tantance kati a 2015, an yi amfani da BVAS da shafin ɗora sakamako a intanet a babban zaɓen 2023, duk don a rage hannuwan da takarda take bi. Duk da haka, wanda ya tsaya a rumfar Ruwan Bore har aka gama ƙirge, ya ɗauki hoton takardar sakamako da wayarsa, yana ganin abin da shugaban hukuma a Abuja ba zai taɓa gani ba.