Daga Tukunyar Daudawa Zuwa Yaƙin Fara

Ƴan uwa ɗalibai, ran da mushenmu na SVT ya rubuta Bacillus subtilis a allo, duk muka ɗauka wani baƙon abu ne daga Faransa. Ashe a gidanmu nan Kwaya yake kwana, cikin tukunyar da kakata ke rufe gurguzun yakuwa idan za ta yi daudawar batso. Takan dafa shi ya yi laushi, ta sa ruwan toka, ta rufe a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. Warin nan da ke korar mu daga tsakar gida aikin ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna narkar da ƙwayar har ta zama abin ɗanɗanon miya.

Wannan sana'a ta girmi boko nesa ba kusa ba. Bafulatanar da ke zuba ɗan tsohon nono cikin sabuwar madara iri take shukawa. Haka marina: a karofin Ƙofar Mata ta Kano, wanda ake cewa tun 1498 yake, ana haɗa baba da toka cikin rami a bar su su ruɓa. Halittun ne ke sa baba ya narke cikin ruwa. Shi ya sa zane ke fitowa kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi.

Abin da Turawa suka fi mu shi ne gilashin ƙara girma. A wajen 1676 wani ɗan Holan mai sayar da yadi, Leeuwenhoek, ya hango halittun cikin ɗigon ruwa. A 1857 Louis Pasteur ya nuna su ne ke sa madara tsami. A 1928 Fleming ya lura wata fumfuna na kashe ƙwayoyin cuta, aka samu penisilin. Zuwa 1982 an fara sayar da insulin na masu ciwon suga wanda bakteriya suka ƙera.

To, ina Nijar cikin wannan tarihi? Ga shi. Tsakanin 1986 da 1989 fara ta addabi ƙasashen Sahel, aka yi ta feshin guba da jirage. Gubar ba ta zaɓe: tsuntsu, ƙudan zuma, duk tana taɓawa. Sai a 1989 aka kafa shirin LUBILOSA, wanda ya haɗa masana daga Ingila, da cibiyar IITA ta Kwatano, da masu koyar da kare tsirrai a Yamai, don neman makamin da fara kaɗai zai ci. Makamin da suka zaɓa fumfuna ce mai suna Metarhizium, kuma irin da ya fi aiki a jikin wata matacciyar fara aka tsince shi, a nan Nijar. Aka gauraya ƙurarta da mai don kada zafin ƙasarmu ya busar da ita, aka gwada a wajen Maine-Sorowa. Idan ta sauka jikin fara sai ta tsiro, ta huda fata, ta cinye ta daga ciki. Daga baya aka sa mata sunan kasuwa Green Muscle.

Amma fa tana da nawa. Sai an yi mako guda zuwa uku kafin fara ta mutu, manomin da ke kallon geronsa na ƙarewa kuwa so yake ya ga gawa tun da yamma. Shi ya sa har yau guba ce a gaba. Ku tuna mu masu cin fara ne, da yaji da gishiri. Wa ke tambayar mai talla ko daga gonar da aka fesa aka kamo ta?

Abin da ke damuna shi ne kakata ta tsufa, kuma cikin jikokinta babu wanda ya iya daudawa, kowa ya koma magi. Idan ta tafi da saninta, sai dai mu karanta shi a littafin wani. Hutun nan kowa ya ɗauki kaye da biro, ya zauna gaban tsohuwar gidansu, ya rubuta kwana nawa take rufewa, wace toka take sawa, ta yaya take gane ta nuna. A fitowa ta gaba mu buga abin da muka samo.