Daga Karofi zuwa Ɗakin Gwaji: Tarihin Wani Ilimi da Muke da Gado a Cikinsa

Mu Hausawan Douala mun san tarihin zuwanmu. Fatauci ne ya kawo kakanninmu bakin teku a zamanin Jamus. New Bell kuwa Jamusawa ne suka yanka ta a 1914, lokacin da suka tashi mutanen Duala daga filayensu na bakin kogin Wouri, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta na shekarar. A zamanin Faransa unguwar ta zama masaukin baƙi, mu da Bamileke da Basa da sauransu. Wannan duk muna ba da labarinsa. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne ilimin da ke cikin kayan da fataken nan suka ɗauko a ka: baƙin rini mai ƙyalli da jar fata.

A leƙa karofin Ƙofar Mata a Kano. Shunin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya kama zare. Sai marini ya haɗa shi da ruwan toka, ya bar shi kwanaki yana ruɓa, har ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su sauya shi ya narke. Zane yakan fito daga rami kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idon mai kallo. Marini ba shi da ma'aunin komai sai hancinsa da idonsa. Warin ruwan da launin kumfar ke gaya masa ko ya nuna. Abin da ya kwanta a gindin rami kuma ba a zubar da shi: a ƙona shi ya zama katsi, a haɗa da gashin jima da dafara a sami laso, wanda ake shafe ramin da shi, a kuma shafe rufin soro don kada ruwa ya ratsa. Sharar sana'a biyu ta zama siminti. Majemi shi ma haka: toka ta zare gashi, bagaruwa ta hana fata ruɓa, karan dafi ya ba ta ja. Fatar jan akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara har Turai, inda aka riƙa kiranta da sunan Maroko.

Heinrich Barth ya ga girman cinikin tufafin Kano a 1851. Shekara 46 bayan haka, a 1897, kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, bisa binciken Adolf von Baeyer. Ƙasar da ke mulkin Kamaru tun 1884 ita ce ta sare gwiwar baba a kasuwar duniya. Ba su fi marinanmu sanin rini ba. Sun fi su sanin dalili, sun rubuta shi, sun auna shi, suka kuma koyi yin ton dubu da abin da aka gwada a cikin kwalba ɗaya. Aikin injiniyan sinadarai ke nan a taƙaice.

A ƙasar Hausa Zariya ce ta fara ɗaukar wannan fanni da gaske. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1964 aka kafa wani shiri na koyar da gyaran fatu da ƙiraga a Zariya, wanda ya girma ya zama cibiyar binciken fata, daga bisani a 1988 aka faɗaɗa ta ta zama cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, da ke Basawa. Ashe dai ta ƙofar majema aka shiga. Cikin waɗanda suka shugabance ta akwai Farfesa Idris Muhammad Bugaje, ɗan Katsina, injiniyan sinadarai, wanda ya riƙe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma a 2021 aka ba shi hukumar kula da ilimin fasaha ta Najeriya.

Aikin da ya fi jan hankalinmu a sashen injiniyan sinadarai na Zariya shi ne na farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina. Mun san danginta, domin ita ce irin kalabar da ake sayarwa a kasuwanninmu, mata masu ciki suna ci (likitoci kuwa suna gargaɗi, don an sha samun dalma a cikinta). Idan aka gasa ta da zafin da ya haura digiri 600, tsarinta ya rushe, aka dafa ta da soda mai ƙarfi, sai ta sake ƙulluwa ta zama ziyolait: gari mai ƙofofi ƙanana ƙwarai, kowace ba ta kai nanomita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Da irinsa matatu ke farfasa mai mai nauyi ya zama fetur. Matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980, daga waje aka riƙa sayo mata shi. Malamai da ɗalibai sun shafe shekaru suna neman yin sa da ƙasar gida. Sun yi nasara a ɗakin gwaji. Kai shi masana'anta shi ne tudun da ya fi wuyar hawa, kuma a ganinmu laifin bai rataya a wuyan masu binciken ba.

A nan Kamaru laka ta bi wata hanya. Farfesa Emmanuel Ngameni na Jami'ar Yaounde ta Ɗaya da Farfesa Ignas Kenfack Tonle na Jami'ar Dschang sun yi suna wajen sarrafa lakar ƙasar nan su shafa ta a kan ɗan sandan lantarki. Idan aka tsoma shi a ruwa, lakar ta kama dalma ko maganin ƙwari, sai ƙarfin lantarkin ya sauya, a karanta yawan gubar. Hancin marini ne aka mayar na'ura. Ƙasar da ta ga Tafkin Nyos ba ta buƙatar a gaya mata amfanin na'urar da ke jin abin da mutum ba ya ji: daren 21 ga Agusta 1986 iskar kabon ta taso daga tafkin, ba launi ba wari, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500, da yawansu shanun Fulani. Sai a 2001 aka kafa bututun farko na zuƙe iskar, aka kuma sa na'urorin gargaɗi.

Mu fa? Muna zaune tsakanin masana'antun Bassa da na Bonaberi. Edea, inda ake narka alminiyam tun 1957, tana kusa da mu. Kowace damina ruwa yakan shiga lungunan New Bell ya haɗa kwata da rijiya, mu ɗebo mu duba da ido, mu ce ya yi fari. Jami'ar Douala tana nan tun 1993. Ngaundere, garin da da yawanmu ke da dangi, tana da makarantar ENSAI da kuma makarantar injiniyan sinadarai da ma'adinai. Amma yaron da ya iya lissafi a gidajenmu, shago ne ke fara kiransa, yarinya kuma ba a cika bari ta kai bakaloriya ba.

Ba mu raina uzurin iyaye. Hanyar doguwa ce: shekara 5 kafin a zama injiniya, wasu 3 ko fiye kafin digirin dakta, sannan koyarwa da wallafa bincike shekara da shekaru kafin a kira mutum farfesa, albashin kuma ba ya kamo ribar babban ɗan kasuwa. Wanda ya nufi Zariya zai sake karatu da Ingilishi bayan ya tashi da Faransanci, ko da yake Hausar gida za ta yi masa jagora daga tasha har Samaru. Wanda ya tsaya a gida kuma sai ya ci jarrabawar shiga, bayan ya sami bakaloriyar C ko D, kuma zaɓen wannan layi tun yaro yana shekararsa ta huɗu a sakandare ake fara yanke shi, lokacin da yawancinmu ba ma zuwa karɓar takardar sakamako.