Shataletale a Katsina da Kano: Tarihin Ginin da Ƙa'idarsa

Shataletale, wanda direbobi da 'yan tasha suka fi kira randabawul, mahaɗar hanyoyi ce da ake gina da'ira a tsakiyarta domin ababen hawa su riƙa kewaya ta ta fuska guda har kowanne ya kai hanyar da zai fita. Ga mutanen yammacin Jihar Katsina, kamar na Batsari da Safana, babban birnin jihar ne wurin da aka fi cin karo da shi, domin direban da ya ɗauko rogo daga Batsari ya doshi Ƙofar 'Yanɗaka, ko wanda ya taso daga Safana ya biyo ta Dutsin-Ma, ba zai kai tsakiyar gari ba sai ya yi wannan kewaye. Yadda ginin ya zo da yadda jama'a suka karɓe shi suna nuna cewa siffarsa ta riga ƙa'idarsa isowa, kuma har yau ƙa'idar ba ta gama zama ba.

Tsohon birnin Hausa ya riga ya tanadi wuraren da hanyoyi za su haɗu tun kafin zuwan mota, domin ganuwa ba ta barin kowa ya shiga sai ta ƙofa, saboda haka duk turbar fatake da ta taso daga ƙauyuka a bakin wata ƙofa take ƙarewa. Da aka shimfiɗa titunan mota, sai suka bi sawun waɗannan turbobi, cunkoso kuma ya taru a inda ayari yake taruwa a da. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin shataletalen Katsina suke amsa sunayen ƙofofi, kamar Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, musamman bayan ƙirƙiro jihar a 1987, lokacin da garin ya zama mazaunin gwamnati, unguwanni suka bazu a bayan ganuwa.

Asalin dabarar kuwa daga waje yake. A 1905 William Phelps Eno ya tsara kewaye ta fuska guda a dandalin Columbus da ke birnin New York na Amurka, a 1907 kuma Eugène Hénard ya yi irin haka a dandalin Etoile na Faris. Waɗannan da'irori na farko suna da babbar illa, domin mai shigowa ne yake da haƙƙin wucewa, na ciki kuma ya tsaya masa, ta yadda idan motoci suka yi yawa sai da'irar ta cika ta kulle kanta. Ingila ce ta warware matsalar a 1966 da ta wajabta ƙa'ida guda a duk faɗin ƙasar, cewa mai shigowa ya dakata har wanda ke ciki ya wuce. Da wannan ƙa'ida, wadda injiniya Frank Blackmore ya yi fice wajen binciken ta, ake bambanta shataletale na zamani da tsohuwar da'ira. Amfaninsa a lissafe yake: a mararraba mai hanyoyi huɗu akwai wurare 32 da motoci biyu za su iya karo, alhali a shataletale mai layi ɗaya 8 ne kawai, kuma da yake lanƙwasar tana tilasta wa direba rage gudu, karon da ya auku yakan zama goga ta gefe maimakon taho-mu-gama.

Najeriya ta gaji ginin daga Turawan Ingila tare da tuƙi ta hannun hagu, amma a ranar 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar ta koma hannun dama domin ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar, lamarin da ya shafi direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Jibiya da Maraɗi kai tsaye. A shataletale ne canjin hannun ya fi nauyi, domin fuskar kewayen gaba ɗaya ta juya: direban da ya saba barin da'irar a damansa ya koma barin ta a hagunsa, wato fuskar da mai ɗawafi yake bi, kuma ta hagu ne yanzu zai duba kafin ya shiga.

A nan ne ƙa'idar ta haɗu da wata al'ada da ta girme ta. A turbar gargajiya matsayi ne yake raba gardamar wucewa, inda yaro yake kauce wa babba, talaka ya ratse wa basarake, marar kaya kuma ya ba mai kaya hanya, duka bisa ladabi da sanin juna. Shataletale bai san wannan tsari ba, domin ɗan acaɓa da ya riga shiga ya fi mai gingimari da ke bakin shiga haƙƙi, komai girman motar ko darajar wanda ke cikinta. Abin da ake gani a aikace shi ne tsohon tsarin ya rikiɗe ya zama na ƙarfi, tirela ta danno, ƙaramar mota ta ja baya, mai babur da mai a-daidaita-sahu kuma su kutsa duk inda suka ga kafa. Yawancin direbobin karkara a tasha suka koyi sana'ar, daga yaron mota zuwa direba, kuma abin da maigida bai saba yi ba yaronsa ba zai gada ba. Shi ya sa ake ajiye masu ba da hannu a wurin da aka gina domin ya tafiyar da kansa, tun daga 'yan sanda har zuwa jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa da Kano ta kafa a 2012. Laifin bai tsaya kan direba shi kaɗai ba, domin hukumar da ta kashe kuɗi wajen ƙawata da'ira amma ba ta shata layin dakatawa ko ta kafa allon gargaɗi ba, rabin aikin kawai ta yi.

Jama'a dai sun rungumi shataletale ta wata fuskar daban, a matsayin alamar gari. Da shi ake kwatance, a gefensa fasinja yake jiran mota, a jikinsa 'yan siyasa suke liƙa fastoci, gwamnatoci kuma suna ɗaukar sa a matsayin wurin barin tarihi. Wanda aka gina a gaban Gidan Gwamnatin Kano domin tunawa da cikar jihar shekara 50 a 2017 ya nuna zurfin wannan shaƙuwa, domin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shi a watan Yunin 2023, bisa hujjar cewa tsayinsa yana tare gani kuma yana barazana ga tsaro, muhawarar da ta ɓarke ta fi karkata ga siyasa da ado fiye da tafiyar motoci.

A shekarun baya-bayan nan manyan biranen sun juya ga gadar sama da gadar ƙasa. Kano ta yi haka a Dangi da Hotoro, Katsina kuma ta haƙa gadar ƙasa a Ƙofar Ƙaura, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023, a ƙarshen mulkin Gwamna Aminu Bello Masari. Inda motoci suka fi ƙarfin da'ira wannan mataki yana da hujja, sai dai ya sa wasu suna kallon shataletale a matsayin tsohon yayi, a daidai lokacin da wasu ƙasashe suke ƙara gina shi. Amurka ba ta fara gina na zamani ba sai a 1990, kuma wani binciken ra'ayi da cibiyar kamfanonin inshora ta ƙasar ta gudanar ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 na direbobi ne suka goyi bayansa kafin a gina, amma bayan sun fara amfani da shi adadin ya kai 63. Garuruwa masu girman Batsari da Safana, inda titi yake ratsa gari, kuma ranar kasuwa babura da akori-kura da amalanke da masu tafiya a ƙasa suke haɗuwa a mararraba guda, su ne irin wuraren da ƙaramin shataletale ya fi dacewa da su, domin ba ya buƙatar wutar lantarki kamar danja, kuma kuɗin gina shi bai kai kusa da na gada ba.