Hausa a ƙofar Oscar: ɗan tarihi kafin daren 2 ga Maris, 2025

1/ Jiya a hostal ɗinmu nan Dutse musu ya kaure kan wa zai lashe Oscar na finafinan ƙasashen waje. Wani ya ce wai mu ina ruwanmu. To, ga ruwanmu.

2/ 2019 Najeriya ta fara tura fim, Lionheart na Genevieve Nnaji. Aka cire shi saboda Turanci ya yi yawa a ciki.

3/ Da shekara ta zagayo sai aka tura The Milkmaid, wanda yawancinsa Hausa ne. Da shi Maryam Booth ta ci kyautar AMAA ta 2020.

4/ 2024 kuma Mai Martaba, da aka ɗauka a Daura, har da Adam A. Zango. Bai shiga jerin 15 ba, wallahi na ji zafi.

5/ Amma ku lura, harshen da wasu ke rainawa shi ya kai mu ƙofar har sau biyu.

6/ A 2025 Emilia Pérez ya samu gurbin takara 13, amma ni I'm Still Here na Brazil na yi wa fata. Tarihin ƙasarsu suka bayar, da harshensu. Mu ma Kannywood, tun daga Turmin Danya a 1990, jarinmu ke nan. Ku fa, wa kuka zaɓa?